Njamena zuwa Jidda: Awa Huɗu a Taswira, Yaƙin Sudan a Sararin Sama

  

Duk lokacin da aka buɗe rajistar maniyyata, ko azumi ya ƙarato masu Umara suka fara shiri, tambaya ɗaya ce ke yawo a masallatanmu na Bololo da unguwannin da ke kewaye: awa nawa ne daga nan zuwa Jidda? Ɗalibai sukan zaro waya su amsa nan take: kilomita kusan 2,800, tafiyar awa huɗu babu 'yan mintuna. Lissafin bai yi kuskure ba. Sai dai layin da aka auna ɗin, tun ranar 15 ga Afrilu 2023 jiragen fasinja sun daina bin sa. Wannan bambanci tsakanin abin da waya ke faɗa da abin da jirgi ke yi ya shiga aljihun maniyyaci, ya shiga sallarsa, ya shiga har haraminsa. Shi ya sa ya cancanci a zauna a kansa.

Mu fara da lissafin kansa. Nisan da ake gani a waya shi ne mafi gajeren layi a bayan ƙasa tsakanin filin jirgin Hassan Djamous da filin Sarki Abdul'aziz na Jidda. Jirgin fasinja idan ya daidaita a sama yana cin kilomita 800 zuwa 850 a awa. A raba 2,800 da wannan, a ƙara lokacin hawa da na sauka, sai a samu kusan awa huɗu. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, saboda haka wanda ya tashi ƙarfe goma na safe ya yi awa huɗu a sama, ƙarfe huɗu na yamma zai tarar a can. Da yawa daga tsofaffinmu suna dawowa suna rantsuwa cewa awa shida suka yi a zuwa, awa biyu a dawowa. Agogo ne ya yi musu wasa.

Layin nan yana da wani abu mai ban sha'awa. Alƙiblar Njamena tana wajen digiri 65 daga arewa zuwa gabas, wato gabas mai karkata arewa, kuma kusan nan hancin jirgi yake fuskanta idan ya miƙe zuwa Jidda. Yana bi ta arewacin Abeshe, ya shiga Arewacin Darfur, ya ƙetare kogin Nilu a arewacin Sudan, ya faɗa Bahar Maliya ta arewa da Fot Sudan. Daga inda ya bar iyakarmu zuwa bakin teku akwai kilomita kusan 1,500. Ma'ana, fiye da rabin hanyarmu zuwa ƙasa mai tsarki a saman Sudan take.

To, a ranar Asabar ɗin nan ta Afrilu, cikin goman ƙarshe na Ramadan, faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin gwamnati ƙarƙashin Janar Abdul Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hamidti. Filin jirgin Khartum na cikin wuraren da aka fara gwabzawa, har wani jirgin kamfanin Saudia da ke shirin tashi ya sha harsashi a ƙasa. Aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Bayan wata huɗu an buɗe ɓangaren gabas, wajen Fot Sudan, amma yamma da tsakiya, inda hanyarmu take, suka zauna a wajen da kamfanoni ke gudu.

Wani zai ce jirgin da ke sama da kilomita goma a sama, ina ruwansa da masu harbi a ƙasa? Ruwansa biyu ne. Na farko, sararin sama ba dajin Allah ba ne da kowa zai ratsa. Yarjejeniyar Chikago ta 1944 ta ba kowace ƙasa cikakken iko da saman ƙasarta, kuma dole a samu masu kula da zirga-zirga a ƙasa suna magana da matuƙi, suna raba shi da sauran jirage. A nan wajenmu hukumar ASECNA ke wannan aiki. Da jirgi ya shiga Sudan, cibiyar Khartum ce ke karɓarsa, ita kuwa yaƙi ya ci ta tun farko. Na biyu, makami ba ya karanta sunan kamfani. An harbo jirgin Malesiya a gabashin Yukiren a watan Yuli 2014, mutum 298 suka rasu. An harbo jirgin Yukiren jim kaɗan da tashinsa daga Tehran a watan Janairu 2020, mutum 176 suka rasu. A Darfur kanta, a watan Oktoba 2024 an kakkaɓo wani jirgin dakon kaya a yankin Malha, ba nesa da layin da jiragenmu suke bi a da ba. Babu kamfanin inshorar da zai yarda a ɗebi alhazai ɗari uku a ratsa da su ta nan, kuma bai kamata a samu ba.

Saura kewaye. Ko dai a yi arewa, a bi ta kudancin Libiya a shiga Masar, sannan a gangaro ta Bahar Maliya. Ita ma Libiya kamfanoni da yawa suna kauce mata. Ko kuma a yi kudu, ta Afirka ta Tsakiya da Sudan ta Kudu da Habasha, sannan a hauro arewa. Wanda kuma ya bi jirgin kasuwa mai yada zango, lissafinsa ya fi haka tsawo. Njamena zuwa Alƙahira kilomita kusan 2,600 ne, Alƙahira zuwa Jidda kusan 1,200: jimla 3,800. Ta Addis Ababa jimlar ta haura 4,000, kuma wannan a miƙaƙƙen layi ne, kafin a kauce wa Sudan. Ta Santambul kuwa ta kusa 5,900, wato fiye da ninki biyu na asalin nisan, ban da awannin zaman jira a filin jirgi.

Kowace awa da aka ƙara a sama kuɗi ce. Mai ne kan gaba. Sannan kowace ƙasa da aka ratsa tana karɓar kuɗin ratsawa. Matuƙa da ma'aikatan jirgi suna da iyakar awannin da doka ta yarda su yi aiki, idan tafiya ta yi tsawo sai an ƙara mutane ko an kwana. Jirgin da a da yake sawu biyu a yini sai ya koma ɗaya, jigilar da za a gama a mako biyu ta ja. Kuma jirgin da ya ƙara mai, nauyin da zai ɗauka na kaya yana iya raguwa. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga wannan ƙuru-ƙuru a Hajjin 2023. Daga Kano zuwa Jidda kilomita kusan 3,400 ne, kuma ta samanmu da saman Sudan suke wucewa. Ƙasar tana da kujera 95,000 a shekarar, an riga an tsayar da farashi, maniyyata sun biya, sai yaƙi ya zo. Kamfanonin jirage suka ƙi sa hannu a kan tsohon farashi, aka ƙara dalar Amurka 250 a kan kowace kujera, aka yi ta ja-in-ja kan wanda zai biya, har maganar ta kai ga kuɗin guzurin alhazai. Manomin da ya sayar da shanunsa a Katsina bai san Hamidti ba, amma ya biya kuɗin yaƙinsa.

Ba mu kaɗai ba ne. Nijar ta rufe samanta na kusan wata guda daga 6 ga Agusta 2023 bayan juyin mulki, jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka suka tarar da Nijar da Sudan a rufe, Libiya kuma ana tsoronta. Tafiyar Helsinki zuwa Tokyo da take kusan awa tara ta koma kusan goma sha uku tun da Rasha ta rufe samanta ga jiragen Turai a 2022. Garuruwan ba su matsa ba, mutane ne suka toshe tsakaninsu.

Mu Hausawan Chadi kuwa, wannan hanya da aka toshe ba layi ba ce kawai a taswira. Ita ce dalilin zamanmu a nan. Kakannin da yawa daga cikinmu alhazan ƙasa ne da suka taso daga Kano da Katsina da Damagaram, suka biyo ta Barno, suka ƙetare ruwa a Kusuri, suka yada zango a Fallomi, garin da Faransawa suka kafa a 1900 aka mayar da sunansa Njamena a 1973. Daga nan sai Abeshe, sai Adire, sai Jinaina, sai Fashir, sai Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso a 1912, sai Sawakin ko Fot Sudan, a shiga jirgin ruwa. Tafiyar shekaru ce. Mutum ya tsaya ya yi noma ko ɗinki ko ƙira ya tara guzurin zango na gaba. Wani ya yi aure a hanya, wani ya isa, wani kabarinsa na can. Wani Ba'amurke mai bincike, John Works, ya wallafa littafi sukutum a 1976 kan yadda wannan hanya ta haifar da unguwannin Hausawa a Abeshe da Fallomi. A can Sudan kuma akwai garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda ya samo suna daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da Turawa suka kashe a Burmi a 1903.

A sake karanta sunayen zangunan nan. Jinaina, inda aka yi kisan gilla a 2023. Fashir, da ta sha ƙawanya fiye da shekara guda kafin ta faɗa hannun RSF a ƙarshen Oktoba 2025. Adire, da ta cika ta batse da 'yan gudun hijira. Waɗanda suka shigo Chadi tun farkon yaƙin sun haura dubu ɗari takwas. Hanyar da kakanninmu suka bi suna neman gabas, yau mata da yara ke bin ta suna gudowa yamma. Gwamnatin Sudan ta sha zargin cewa ana shigar wa RSF makamai ta filin jirgin Amjaras da ke gabashin ƙasarmu, Chadi da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun musanta. Ko ma dai yaya ne, abin kunya ne ga Musulmi a ce saman da ya gagari mai talbiyya bai gagari mai dakon harsashi ba. Alhajin da ke ƙorafin ƙarin awa biyu a kan kujera, ya tuna su wa ake kewayewa.

Yanzu ga abin da ya shafi ibada, wanda shi ne na fi so ɗalibai su riƙe.

Aya ta 97 a Suratu Ali Imrana ta rataya wajabcin Hajji ga samun iko, kuma malamanmu na Malikiyya sun sanya amincin hanya, a kan rai da dukiya, cikin ma'anar ikon. Tunda akwai wata hanyar mai aminci, ko da ta fi tsawo, Hajji bai faɗi ba. Abin da yake iya faɗar da shi a kan wani mutum shi ne tsadar. Wanda kuɗinsa bai kai ba, babu laifi a kansa ya jira. Abin da nake jan kunne a kai shi ne a ce tsada ta tura mutum ya shiga da bizar ziyara ya laɓe har ranar Arfa. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu a cikin tsananin zafi, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, saboda haka ba su da tanti ba su da mota.

Sai miƙati, kuma a nan ne sauyin hanya ya fi yin tasiri ba tare da mutane sun lura ba. Miƙati ba na ƙasar da mutum ya fito ba ne, na hanyar da ya biyo ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iyakance wurare, ya kuma bayyana cewa suna kan mutanen yankin da duk wanda ya biyo ta kansu. Wanda bai bi ta kan ko ɗaya ba sai ya lura da inda ya yi daura da mafi kusa. Malaman fiƙihu na da, musamman a littattafan Shafi'iyya da Hanbaliyya, sun ambaci wanda ya ƙetaro teku daga Sawakin: shi yana isa Jidda kafin ya yi daura da wani miƙati, saboda haka daga Jidda zai yi harama. A Malikiyya ma akwai sassauci da aka ruwaito ga mai ƙetarowa daga tsohuwar tashar Aizab. Kakanninmu a kan wannan suka yi aiki, kuma miƙaƙƙen layin jirgin sama daga Njamena ya yi kama da hanyar tasu, domin ta yamma yake shigo wa Jidda. Shi ya sa za ka ji dattijo ya ce shi a Jidda ya ɗaura harami, malamai kuma ba su ce masa komai ba.

Amma jirgin da ya gangaro daga Masar ba ta yamma ya zo ba. Ta arewa ya zo, kuma zai yi daura da Juhfa, kusa da Rabig, kafin ya sauka. Wanda ya hauro daga Addis Ababa ta kudu ya zo, zai yi daura da Yalamlam. Fatawar Sawakin ba ta hau kansu ba. Gaskiya ne akwai malaman wannan zamani, irin su Shaihu Abdullahi bin Zaid Al Mahmud na Ƙatar da Shaihu Mustafa Zarƙa, da suka halatta wa duk mai zuwa ta sama ya yi harama a Jidda. Sai dai majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta tsaya a kan cewa miƙatan da aka iyakance suna kan mai mota da mai jirgin ruwa da mai jirgin sama. Ni a nan nake, domin mutumin da ya tara kuɗin shekara goma bai kamata ya fara ibadarsa a kan saɓani ba alhali fita daga saɓanin bai fi ɗaura zane biyu ba. A mazhabarmu, wanda ya wuce miƙati da nufin Makka sannan ya yi harama a gaba, yanka ya hau kansa.

A aikace abin mai sauƙi ne. Idan Madina jirginku zai fara sauka, babu harami a jirgi; miƙatinku Zul Hulaifa ne, wato Abyar Ali, ranar da za ku fita zuwa Makka. Idan Jidda ne kuma Makka kuka nufa kai tsaye, a yi wanka a gida ko a zangon ƙarshe, maza su ɗaura harami kafin shiga jirgi, a bar niyya da talbiyya sai an kusa. Kada a jefa harami cikin babbar jaka, ta tafi ƙarƙashin jirgi. Kuma kada a jira sai an ce ga miƙati, domin jirgi yana cin kusan kilomita goma sha huɗu a minti ɗaya. Kafin ka farkar da maƙwabcinka an wuce. Yin harama kafin miƙati makaruhi ne a wajenmu amma ya inganta, kuma gabatar da shi da 'yan mintuna saboda tsoron wucewa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan jinkirta shi. Ba kowane kamfani ne ke sanarwa ba, wanda ya sanar ma da Turanci ko Larabci zai yi.

Salla ma lissafinta ya sauya. Ƙasaru dai babu magana: an rataya shi ga nisa, buridi huɗu, kilomita tamanin da 'yan kai, ba ga wahala ko yawan awanni ba. Matsalar lokaci ce. A ƙaddara jirgi ya tashi daga nan ƙarfe goma sha ɗaya na safe a ƙarshen watan Mayu, kafin zawali. A tsohuwar hanya zai sauka wajen ƙarfe biyar agogon Jidda, rana kuwa sai wajen bakwai take faɗuwa, saboda haka mutum yana iya jinkirta Azahar ya haɗa ta da La'asar a ƙasa, cikin natsuwa, da tsayuwa da sujada. A ƙaddara kewaye ya mayar da tafiyar awa shida da rabi. Zai sauka bakwai da rabi, rana ta faɗi, salloli biyu sun fita daga lokacinsu yana kan kujera yana jiran ƙasa. Wannan bai halatta ba. Dole a yi su a sama: Azahar a ƙarshen lokacinta, La'asar a farkon nata, a tsaye idan an samu wuri kuma ma'aikatan jirgi sun yarda, in ba haka ba a zaune da nuni. Lokacin kuma na inda jirgi yake ne, ba na agogon hannunka ba, kuma mai tafiya gabas rana tana saurin faɗuwa masa.

Alƙibla ita ma ta gusa. A da, wanda ke zaune a kujerarsa yana kallon gaba kusan alƙibla yake kallo tun daga tashi har sauka. Yanzu jirgin da ya nufi Masar alƙibla tana damansa, wanda ya nufi kudu maso gabas tana hagunsa, har sai ya juyo. A duba allon da ke nuna tafiyar jirgi, ko a tambayi ma'aikata, a fuskanta gwargwadon iko. A shiga da alwala. Wanda yake tsoron ta warware kuma ruwa ya yi wuya, ya riƙe ɗan ƙaramin dutse na taimama a aljihu, domin a mazhabarmu ba a taimama a kan kujera ko tufa. Abin da ba na so shi ne abin da dattawa ke yi na ƙin shan ruwa tun asuba don tsare alwala. Awa huɗu jiki yana iya jurewa. Awa bakwai a busasshiyar iskar jirgi, ga mai ciwon suga ko hawan jini, sannan a sauka cikin zafin Hijaz, ganganci ne. A sha ruwa, a miƙe a taka idan an ba da dama, magani kuma ya zauna a jakar hannu. Mai Umarar azumi kuwa, buɗa-bakinsa sai ya ga rana ta faɗi daga inda yake a sama, ko da garin da ke ƙarƙashinsa an kira Magariba. A dawowa yamma yininsa zai ƙara tsawo, kuma rangwamen matafiyi yana nan ga wanda ya so.

Duk wannan ya rataya a kan abu ɗaya da maniyyaci ba ya iya sani da kansa: ta ina jirgin zai bi? Wannan haƙƙi ne a kan hukumar da ke shirya Hajji da kamfanonin jirgin yawo. Kamar yadda ake faɗa wa mutum nauyin kayan da aka yarda masa, haka ya kamata a faɗa masa tun a wajen bita cewa jirginsa Madina zai sauka ko Jidda, ta arewa zai shiga ko ta kudu, awa nawa ake sa ran yi, kuma wace salla ce za ta riske shi a sama. A kowane jirgi a samu malami ɗaya da zai yi magana da ma'aikata tun kafin a tashi, ya roƙi a sanar da shi saura minti talatin a yi daura da miƙati, shi kuma ya bi layi-layi ya faɗa da Larabcin Chadi da Hausa da Barbarci. Malaman bita su ma su sabunta darasinsu, domin takardar da aka rubuta kafin 2023 an rubuta ta ne a kan hanyar da yanzu ba a bi. Wanda kuma zai sayi tikitin Umara da kansa, kafin ya tambayi farashi ya tambayi zango nawa ne, awa nawa zai zauna a kowanne, kuma a wane filin jirgi zai samu wurin wanka da ɗaura harami.